Gari Ba Ya Gyaruwa da Kora

Duk ɗalibin da yake jeka-ka-dawo a birnin Kano, wanda yakan yi sammako don kada a rufe masa ƙofar makaranta, ya san wasu abubuwa waɗanda mai wucewa a mota ba ya lura da su. Yakan ga mutane kwance a bakin kantuna sun lulluɓa da buhu, wasu a ƙarƙashin gadar sama, wasu a jikin katangar masallaci. Yakan tsallake kwatar da leda ta toshe har ruwanta ya yi kore. Yakan ratse wa bolar da ta cinye rabin hanya. Wani lokaci kuma ya tarad da gini an shafa masa jan fenti, alamar rusau yana tafe. Idan ya tambayi na kusa da shi, "Shin wannan aikin wane ne?" amsa ɗaya zai samu: "Ai aikin gwamnati ne."

To, gwamnati ba mutum ɗaya ba ce. Hawa uku gare ta, watau tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu shi ne yadda aka raba wa waɗannan hawa uku aikin birni, musamman a kan abubuwa huɗu: tsaro, da marasa wurin kwana, da lafiyar jama'a, da raya gari. Zan kuma nuna cewa abubuwan nan huɗu da igiya ɗaya aka ɗaure su, in an ja ɗaya sai sauran sun motsa. Saboda haka duk shawarar da hukuma ta yanke wadda ta tsaya ga kora ko hani kawai, ba a tanadi inda wanda aka kora zai nufa ba, to, an ɗauke matsala ne daga wannan unguwa an kai wa waccan. Na ɗauki Kano ta zama misali domin ita na sani.

Zamanin En'e

Sai mu fara da waiwaye, tun da an ce shi ne adon tafiya. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, ba su rushe sarauta ba, sai suka yi mulki ta hannun Sarki. Wannan hukuma ta Sarki da 'yan majalisarsa da hakimai da dagatai da masu unguwanni ita ce ake kira En'e, kuma duk abubuwan nan huɗu a hannunta suke. Tana da baitulmali inda ake tara haraji da jangali, a ba gwamnati kasonta, ita ta yi aiki da saura. Tana da dogarai, daga baya kuma a shekarun 1920 aka kafa 'yan gadi waɗanda suka zama 'yan doka. Tana da kotunan alƙalai, tana da gidan yari. Marigayi Alhaji Ado Bayero shi ne Wakilin Doka, watau shugaban 'yan dokar Kano, daga 1957 zuwa 1962, kafin ya tafi jakadanci ƙasar Sanagal, sa'an nan ya hau gadon sarauta a 1963.

Da kuɗin baitulmali En'en Kano ta gina asibitin cikin gari a ƙarshen shekarun 1920, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero ta jawo ruwan famfo daga kogin Challawa, ta kawo wutar lantarki, aka buɗe aikin a 1931. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin duba-gari, wanda yakan leƙa randa, ya duba salga, ya bi kwata, wanda duk aka samu da ƙazanta a kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Baƙo kuwa in ya shigo gari bai san kowa ba, akan kai shi wurin mai unguwa ko gidan fatoma. Makafi da kutare suna da sarakunansu waɗanda hukuma ta sani, ta bakinsu ake jin kukansu.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa zamanin En'e ba shi da aibu. Talaka ba shi ya zaɓe ta ba, ba shi kuma da ikon tambayarta. Tun a 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a yi mata gyara. A shekarun siyasar farko an yi amfani da 'yan doka da wasu alƙalai an gallaza wa 'yan NEPU, mabiya Malam Aminu Kano, wasu an ɗaure su, wasu an yi musu bulala. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta Janar Gowon, daga 1968, ta karɓe 'yan doka ta zuba su cikin 'yan sandan tarayya, gidajen yari suka koma hannun tarayya, kotunan alƙalai suka koma hannun jiha.

A 1976 aka yi babban gyara, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya, masu majalisa da kansiloli, sarakuna suka koma iyayen ƙasa masu ba da shawara. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja, don an sha wulaƙanta su wajen karɓar haraji. Amma tun daga nan ƙaramar hukuma ta koma mai jiran kaso daga sama. Yanzu ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 a Jihar Kano, takwas daga cikinsu kuwa su ne birni da kewaye: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ke nan garin da a da hukuma ɗaya ke riƙe da shi, yanzu ciyamomi takwas ne, ga gwamna, ga kuma tarayya.

Abin da Doka ta Ba Ƙaramar Hukuma

Tsarin Mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. Daga ciki akwai kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu. Da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta. Da gidajen wanka da ba-haya. Da kwashe shara. Da gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da fitilun titi. Da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Da ba da lasin kekuna da amalanke da kura. Da sa ido a kan kantuna da gidajen abinci da gidajen burodi. Har wa yau tana da hannu a makarantun firamare da ilmin manya da kiwon lafiya.

Duk wanda ya duba wannan lissafi zai ga cewa kusan dukan abin da ɗalibin nan ya gani a hanyarsa ta zuwa makaranta aikin ƙaramar hukuma ne a takarda. A aikace kuwa jiha ta kafa hukumominta suna yin galibinsu a cikin birni: REMASAB tana kwashe shara, KNUPDA tana tsara gine-gine, KAROTA tana kula da hanya. Akwai hikima a cikin wannan, domin kwata ba ta san iyakar Dala da Fagge ba, dole a sami mai duba garin gaba ɗaya. Amma akwai illa. In aiki ya lalace, ciyaman ya ce na jiha ne, jiha ta ce na ciyaman ne, talaka ya rasa ƙofar da zai buga.

Tsaro

Sashe na 214 na wannan Tsarin Mulki ya zo da cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa, ta tarayya, ko da yake an daɗe ana muhawara a kan a bar jihohi su kafa nasu. Saboda haka Baturen 'yan sanda na yanki ba yaron ciyaman ba ne. Daga Kwamishinan 'yan sanda yake karɓar umarni, shi kuma daga Sufeto Janar a Abuja. Abin da ciyaman yake iyawa shi ne ya kira taron tsaro da hakimi da malamai, ya taimaka da mota ko mai, ya kuma tallafa wa 'yan sintirin unguwa. Ita jiha ta nemi hanyar cike giɓi. A 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka yi dokar kafa Hukumar Hisba. A 2006 gwamnatin tarayya ta ce ai 'yan sanda ne a fakaice, aka kama shugabanninta, har magana ta kai kotu. A 2012 kuma aka kafa KAROTA. Waɗannan duka ba su riƙe bindiga, iyakarsu su kama su miƙa.

Ga misalin yadda shawarar tsaro take taɓa sauran abubuwa. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana haya da babur a birni da kewaye. Dalilin a fili yake, don a lokacin 'yan bindiga da babura suke kai hari su tsere, kuma ba mai hankalin da zai ce hukuma ta naɗe hannu. Amma dare ɗaya dubban samari suka wayi gari ba sana'a. Masu hali suka koma tuƙa A Daidaita Sahu, wanda tun 2005 aka shigo da shi don ɗaukar mata, har ya zama shi ne ya cika titunan Kano. Wasu suka koma ƙauye. Wasu kuwa suka zauna a bakin titi hannu rabbana, zaman banza kuwa shi ne makarantar daba da shaye-shaye.

Akwai kuma tsaron da ba ya bukatar kulki. Lungu mai duhu shi ne abokin mai ƙwacen waya, fitilar titi kuwa, kamar yadda muka gani, aikin ƙaramar hukuma ce. Gida mai lamba a titi mai suna ya fi sauƙin kai wa ɗauki, ko na 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana. Kangon da aka yi watsi da shi ya zama matattara, hukuma tana da ikon neman mai shi. Ashe ciyaman da ba shi da ɗan sanda ko ɗaya yana da aiki babba a sha'anin tsaro.

Marasa Wurin Kwana

Kuskuren da mukan yi shi ne mu haɗa duk mai kwana a waje mu kira shi da suna ɗaya, alhali kuwa iri-iri ne. Akwai ɗan cirani, wanda yake da gida da gona a ƙauye, ya zo bayan kaka ya yi dako ko ga-ruwa ko yankan farce, ruwa na sauka ya koma. Akwai almajiri, yaro ƙarami da aka kawo karatu ba guzuri. Akwai tsoho ko naƙasasshen da ba shi da mai kula da shi. Akwai mai taɓin hankali. Akwai waɗanda tashin hankali ya koro daga Barno da Yobe, ko daga ƙauyukan Zamfara da Katsina. Akwai matar da aka saka da 'ya'ya, kuɗin haya ya gagare ta. Ciwon kowannensu daban ne, maganinsa ma daban. Ɗan cirani masauki mai araha da ban-ɗaki yake bukata, mai taɓin hankali asibiti, almajiri kuwa uba yake bukata kafin kowa.

A da soro shi ne gidan baƙin Bahaushe. Kusan kowane gida yana da shi, a buɗe yake kwana, almajiri da matafiyi su shimfiɗa tabarma. Yanzu sababbin gidaje ƙofar ƙarfe gare su, tsofaffin soraye da yawa an mai da su kantuna, masallatai da dama kuma ana kulle su bayan lisha saboda tsoro. Ba a yi wata doka da ta soke soro ba, amma ya tafi, ba a kuwa sami abin da ya maye gurbinsa ba. Akwai gidan gajiyayyu a Shahuci, akwai cibiyar gyaran hali a Mariri, amma me za su ɗauka a jihar da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da miliyan 9?

Hukuma ta sha gwada hani. A 2013 aka yi dokar hana bara a titi. A watan Fabrairu na 2020 aka sake shelar hana almajirai bara. Da annobar korona ta shigo, a watan Afrilu na wannan shekara gwamnonin Arewa suka shiga mai da almajirai jihohinsu na asali a cikin motoci, har gwamnatin Kaduna ta ba da sanarwar cewa an sami wasu daga cikin yaran da aka kawo mata suna ɗauke da cutar. Bayan ƙura ta lafa, yara suka dawo da robobinsu. Niyyar hana bara tana da kyau, domin bara tana kashe zuciyar yaro, tana jefa shi hannun miyagu, kuma malaman addini da yawa sun yi tir da ita. Amma yunwa ba ta jin shela. Yaron da aka hana shi Ƙofar Mata zai ɓulla a Ƙofar Ruwa.

Gwamnatin tarayya ma ta taɓa nata. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar tsangaya ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta a jihohi da dama, daga baya aka yi ta kukan an bar da yawansu sun lalace. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Sai dai tushen abin yana ƙauye. In firamaren ƙauye ba malami, rufinta ya yaye, uba kuma ba shi da abin ciyarwa daga bazara zuwa kaka, to, birni zai turo ɗansa. Watau yaron da muke gani a titin Fagge sakacin wata ƙaramar hukuma ce mai nisa ya kawo shi.

Wanda yake ganin wannan ba ruwansa ya tuna da watan Disamba na 1980, lokacin rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, inda mutum fiye da 4,000 suka rasu. Da yawa daga cikin mabiyansa samari ne 'yan ƙauye da suka shigo birni ba su da kowa, suka sami mai ba su tuwo da wurin kwana. Duk wanda gari ya ƙi ba shi masauki, wani zai ba shi, kuma ba lalle ne mutumin kirki ba.

Lafiyar Jama'a

Cuta ita ce ke nuna mana a fili cewa gari ɗaya ne. A ce an rushe rumfunan bakin titi, cikinsu har da ta wani mai shayi da ke kwana a ciki shi da yaransa uku. Sun rasa sana'a, sun rasa makwanci, sai su koma tasha. Tasha kuwa ban-ɗakinta na kuɗi ne, ko kuma babu, sai a tsuguna a bakin kwata. Ruwan sama ya sauka ya wanke ƙazantar ya kai ta rijiyar da ba murfi, ko ya shiga fasasshen bututu. Ɗan ga-ruwa ya ɗebo ya kai gidan attajiri da gidan malami. Haka kwalara take yaɗuwa, ta ruwa da abincin da ba-haya ya gurɓata, tana kuma iya kashe babban mutum cikin sa'o'i kaɗan saboda ƙarewar ruwan jiki. A 2021 an ba da rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Sanƙarau kuwa cunkoso yake so. Lokacin zafi, ɗaki ɗaya ba taga, yara talatin a kwance, numfashin wannan a hancin wancan. A annobar 1996 mutum fiye da 10,000 suka rasu a ƙasar nan. Mashaƙo, wanda ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya kuma fi tsanani a Kano, galibin waɗanda ya kama yara ne da ba a yi musu rigakafi ba, alhali allurar kyauta ce, ana yi wa jariri yana da mako 6 da mako 10 da mako 14. A ina ake yin ta? A ɗan asibitin sha-ka-tafi na unguwa, wanda tun ƙarshen shekarun 1980, zamanin Ministan Lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyinsa, daga baya jiha ta kafa hukumar da ke riƙe da ma'aikatansa.

Ko shara ma ba ta jin kora. Tsaftar ranar Asabar ta ƙarshen wata ta samo asali daga Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon a 1984 da 1985. Mutane sukan fito su yashe kwata su tara dagwalo a bakin hanya. In motar kwasa ba ta zo ba, ruwan farko zai mai da shi inda ya fito, an yi aikin baban giwa ke nan.

Amma akwai labari mai daɗi, shi ne na shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafinta a Kano saboda zargin da ya bazu a kan maganin, aka dawo da shi a watan Yuli na 2004, bayan cutar ta riga ta tsallaka wasu ƙasashe. Abin da ya kawo nasara shi ne komawa ga mutanen da jama'a ta sani. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai suka shiga gaba, mata ma'aikata suka bi gida gida, aka riƙa haɗawa da duba sauran cututtuka don iyaye su ga amfani. Yaro na ƙarshe da ainihin cutar ta kama a Jihar Kano a watan Yuli na 2014 ne, a watan Agusta na 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da ita daga Afirka. Lallashi da haƙuri da bin ƙofa ƙofa su suka yi wannan aiki.

Raya Gari

An taɓa yi wa Kano tsari na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani Bature mai suna Trevallion ya jagoranta. Gari ya fi ƙarfin tsarin. Mutane suka yi ta ƙaruwa, filin gwamnati mai takarda ya yi wa talaka tsada, sai ya koma sayen awon igiya a hannun masu gona. Unguwannin awon igiya kuwa ba a bar musu hanyar mota ba, balle magudanar ruwa ko filin makaranta ko na asibiti. A cikin birni kuma aka riƙa cike kududdufai ana gini a kai, alhali su ne ke shanye ruwan damina. Ruwa ba ya manta hanyarsa. In an gina ɗaki a kanta, cikin ɗakin zai bi, waɗanda gidansu ya rushe kuma su ƙaru a kan marasa wurin kwana.

Don haka wani rusau dole ne. Ginin da ya toshe magudana, ko ya ci ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ba wanda zai kare shi. Abin tambaya shi ne, ina hukuma take lokacin da ake haƙa harsashi? A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe gine-gine da dama da ta ce an ba da filayensu ba bisa ƙa'ida ba, ciki har da kantunan Filin Idi. 'Yan kasuwa suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ba nufina in ce wane ne mai gaskiya ba. Abin lura shi ne wata gwamnati ta ba da fili, wata ta rushe, ɗan kasuwa ya yi hasara, diyya kuma daga aljihun jama'a za ta fito, kuɗin da zai gina ɗakunan shan magani masu yawa.

Gadojin sama da aka gina a Kano, tun daga ta Ƙofar Nassarawa, sun rage cunkoso a wurarensu, kuma baƙo yana yaba su. Amma a auna ci gaban gari da abin da ke ƙarƙashin gada ma, kada a tsaya ga samanta kawai.

Kuɗi, da Abin da Ya Rage Namu

Ƙananan hukumomi suna da kimanin kashi 20 cikin ɗari na asusun tarayya. Shekara da shekaru kuɗin nan ta asusun haɗin gwiwa na jiha suke biyowa, gwamnoni da yawa kuma suka riƙa naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantomomi ya saɓa wa Tsarin Mulki. Shekara guda bayan hukuncin ana ta kukan cewa aiwatarwa tana jan ƙafa. Ko da ya tabbata sosai, kuɗi kaɗai ba sa gyara gari. En'e tana da baitulmalinta, amma da yake ba mai tambayarta, ta yi abin da ta ga dama.

To, a nan ne aikinmu ya shigo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, kowace da kansilanta, kuma a cikinmu yake zaune, tare muke salla. Ina roƙon iyayenmu, duk lokacin da aka yi shelar wata kora ko hani ko rusau, su tambayi kansila da mai unguwa abu uku. Na ɗaya, wanda za a kora, ina zai kwana, me zai ci? Na biyu, an ji ta bakin mutanen da abin ya shafa, an ba su wa'adi? Na uku, nawa aka ware wa shara da asibitin unguwa a bana, ina kuma aka kashe? Tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce, haƙƙin mai zaɓe ne.

Mu kuma ɗalibai, mai shekara 18 a cikinmu ya yanki katin zaɓe, ya kuma fito ranar zaɓen kansila kamar yadda ake fitowa ranar na shugaban ƙasa. Wanda bai kai ba yana iya daina jefa ledar ruwa a kwata, ya tuna wa mahaifiyarsa ranar rigakafin ƙanensa, ya san sunan almajirin gidansu da garin da ya fito. Wataƙila a cikin ajinmu akwai ciyaman na gobe, ko duba-gari, ko Baturen 'yan sanda. In Allah ya kai shi, ya tuna da mutanen da yake tsallakewa da asuba a hanyarsa ta zuwa makaranta.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ba mu ikon yin biyayya a kan gaskiya, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, amin.